Manyan Baƙi, Manyan Baki

Kwamfutar ta iso Gwaram ranar Asabar a bayan wata bas daga Kano, a naɗe cikin bargo biyu kamar mai jego. Alhaji Munzali ne ya aiko da ita, ɗan garin da ya yi arziki da motocin haya, kyauta ga Ƙungiyar Manoman Riɗi. Ya haɗo da saƙo ta bakin direba: a gaya wa shugaba duk kudancin Jigawa babu ƙungiyar da ke da irinta, kuma zai zo da kansa Lahadi ta sama a yi bikin miƙa ta, a tara jama'a sosai. Saƙon ya fi haka tsawo, amma direban ya ce iyakar abin da kansa ya riƙe ke nan, sauran ya zube tun a Wudil. Duk wanda ya taɓa zama da Alhaji Munzali bai ga laifin direban ba.

Ofishin ƙungiya ɗaki ɗaya ne a bakin kasuwa: benci biyu, kabad ɗaya, sai teburin Malam Hambali. Shekara ashirin da ɗaya ke nan yana buga tafireta a kan teburin nan. Ya fara tun takardu suna ɗauke da sunan Jihar Kano. Da aka yanke Jigawa, shi ya zauna sati guda yana bin ragowar takardun ɗaya bayan ɗaya, yana danne Kano da xxxx yana buga Jigawa a samanta, domin shugaban wancan lokaci ya ce sabuwar jiha aka ba su, ba sabuwar takarda ba. Ranar kasuwa mutanen Maruta da Zandam kan jeru a benci, wannan da wasiƙa zuwa ga ɗansa a Legas, wancan da koken iyakar gona. Hambali ya saurara har mutum ya gaji da magana, sannan ya buga abin da mutumin yake nufi. A gari ba a kiransa da komai sai Malam na Tebur.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Ishiyaku, ya zagaya kwamfutar sau uku bayan an kwance bargo, hannayensa a baya.

"Mun shiga zamani," in ji shi. Ya dubi ɗakin, ya dubi teburin. "Sai dai tebur ɗaya ne. Kuma kwamfuta ba ta zama a ƙasa."

Ba a rasa wanda zai zauna da ita ba, cikin ikon Allah. Ƙanin matar shugaba, Abdulnasir, bai daɗe da dawowa daga Kano ba da satifiket na kwas ɗin wata uku, an like shi cikin leda mai tauri don kada ilimin ya jiƙe. Yana tsaye a bakin ƙofa tun kafin a sauke kayan, bisa tsautsayi kawai ya biyo ta nan.

"Ni ba na son a ce na yi son kai," in ji shugaba. "Takardar gayyatar biki, guda ɗari biyu, ana son ta ranar Alhamis. Tsakanin Malam Hambali da Abdulnasir, duk wanda ya fito da ita daga cikin wannan na'ura, tebur nasa ne. Wanda ya kasa, Allah ya ba shi wani abin yi. Adalci ke nan."

Kowa ya yarda adalci ne. Ɗaya ya yi wata uku yana koyo, ɗaya kuma yau ya fara ganin abin kusa da kusa, ga shi an ba su kwana biyar biyar daidai wa daida. Hambali ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya rufe tafiretarsa da ƙyallenta.

Aka aro janareta wajen mai cajin waya. Abdulnasir ya haɗa wayoyi, ya naɗe hannun riga, ya danna. Akwatin ya yi gurnani, gilashin ya kawo baƙi ƙirin da ɗan layin Turanci fari guda ɗaya a sama. Ya karanta, ya sake karantawa, ya kashe ya kunna. Layin bai sauya ra'ayi ba.

"Yaya, babu komai a cikinta."

"Kamar yaya babu komai? Mutum biyu suka ɗauko ta suna nishi."

"Ba a sa mata babbar manhaja ba. Sai an kai ta Birnin Kudu, wajen Nu'uman."

Ranar Litinin da safe su huɗu suka shiga bas. Shugaba a gaba. Abdulnasir da akwatin, da firinta mai fitar da takarda, da jakar satifiket. Hajiya Ma'u, shugabar mata ta ƙungiya, wadda ta ce ba za a zaɓa wa ƙungiya komai ba mata suna gida. Taubashiyar shugaba ce, saboda haka duk abin da ta ga dama takan faɗa masa, shi kuma ba shi da inda zai kai ƙara. Hambali aka ɗora wa gilashin a cinya, wato an karrama shi da rungumar abin da zai kore shi har tsawon hanya. Duk ramin da motar ta faɗa sai shugaba ya waiwayo ya tambayi lafiyar gilashin.

Shagon Nu'uman yana kusa da tasha, tsakanin mai faci da mai shayi. Allon ƙofa ya ce ana gyaran kwamfuta, ana ɗaukar hoton fasfo, ana cike fom ɗin jarrabawa, ana sayar da ƙanƙara. Nu'uman mutum ne siriri mai tabarau, ya saba da baƙi irin waɗannan. Ya ba shugaba kujera, Hajiya ta samu kujerar ɗaukar hoto, Hambali ya zauna a kan wani mataccen akwatin kwamfuta a lungu.

"Alhaji, abin da kuka kawo mota ce sabuwa fil, amma babu direba," in ji Nu'uman. "Babbar manhaja ita ce direban. Kai ka danna, ita ta gaya wa inji abin da zai yi. To direbobin da aka sani uku ne. Akwai Makintosh, amma wannan ku cire ta a lissafi, da injinta take zuwa, kamar amarya da kayan ɗakinta. Saura biyu. Windo da Linos."

"Windo," in ji Abdulnasir da sauri. "Ita muka yi a Kano."

"Ita ce a kusan kowane ofis," in ji Nu'uman. "Amma ni kafin in sa wa mutum, sai na tambayi wa zai yi aiki da ita, kuma wane aiki. Mutane iri-iri ne. Akwai mai buga wasiƙa kawai. Akwai mai zane da haɗa hotuna. Akwai masu son shiga har cikin hanjin inji su ga yadda yake aiki. In mutum ɗan koyo ne, Windo nake ba shi shawara, ko'ina ya je zai sami mai nuna masa."

Shugaba ya ɗaga hannu. "Tsaya. Ɗan me ka ce?"

"Ɗan koyo, Alhaji. Wato wanda bai taɓa..."

"Ƙungiyar da ta girmi jihar nan ce 'yar koyo? Lokacin da muka kai riɗi baje koli a Kano, kai kana ina?"

"Ina firamare, Alhaji. Ba ƙungiyar nake nufi ba, mai zama a gaban..."

"Waɗancan na ƙarshen, masu hanji. Wacce suke amfani da ita?"

"Da yawansu Linos suka fi so. Malaman jami'a, injiniyoyi."

"To mu na ƙarshen ne. Ita za a sa."

Hajiya Ma'u ta gyara mayafi. "Shugaba, kai da rediyonka in ya ɓatar da tasha sai ka kai shi wajen mai gyara? Hanjin da ka sani ai na rago ne ranar Sallah."

"Hajiya, ana maganar ilimi."

"Shi ya sa nake mamakin jin bakinka a ciki."

Abdulnasir ya matso kusa da kunnen shugaba, amma shagon ƙarami ne, kowa ya ji. "Yaya, ni fa ban yi waccan ba. Satifiket ɗina na Windo ne."

"Kwamfuta ba kwamfuta ba ce? Wanda ya iya tuƙa bas ai ya iya tuƙa tifa." Ya juya ga Nu'uman. "Nawa ne kuɗin ta gwanayen?"

"Kyauta ce, Alhaji."

Shagon ya yi tsit. Har mai facin da ke waje ya ji shirun ya leƙo.

"Kyautar wa?"

"Ba mutum ɗaya ba ne. Mutane ne barkatai a ƙasashen duniya, wannan ya gyara nan, wancan ya ƙara can, suka ce duk mai so ya ɗauka."

"Au, aikin gayya," in ji Hajiya.

"Kusan haka, Hajiya."

Fuskar shugaba ta sauya. "Aikin gayya ai mun san shi. Kunya ɗaya a miƙe, goma a karkace, kowa idonsa na kan ƙwaryar fura. Kuma kyautar da ba a san mai ita ba, wa za a rubuta wa wasiƙar godiya?"

"Kwamfutar ma ai kyauta ce," in ji Hajiya.

"Wannan mun san mai ita. Duk Kano ta san mai ita, shi da kansa ya gaya musu."

"Godiya dai a bar wa Allah," in ji Hajiya. "Tukuici kuwa ɗan aike ake ba."

"Ga ni, Hajiya," in ji Nu'uman.

Shugaba bai yi dariya ba. Yana hango ranar Lahadi. "Wato in tsaya gaban jama'a, gaban Alhaji Munzali, in ce kwamfutar da ya aiko mun zuba mata abin sadaka? Abin da ko mai tallan goro zai iya ɗauka? A'a. Sa mana wadda ake saye. Mu ba 'yan koyo ba ne, amma kuma ba mabarata ba ne."

Abdulnasir ya sauke numfashi ya shafa jakarsa. Nu'uman ya ɗaga kafaɗa, ya jawo faifan Windo daga kwali. Da zarar faifan nan ya shiga akwatin, Abdulnasir ya koma gidan da ya sani ɗaki-ɗaki, kuma ranar Alhamis sai dai a zo a yi wa Hambali jaje. Hambali ya san haka. Tun da suka shigo bai ce uffan ba, yana zaune a lungu yana kallon yatsun Nu'uman a kan allon maɓallai na tasa kwamfutar. Yanzu ya yi gyaran murya.

"Malam Nu'uman, ina da 'yar tambaya, in ba zan ɓata muku lokaci ba."

"Bismillah, Baba."

"A cikin biyun nan, wacce ce take da ƙugiya?"

Nu'uman ya dubi bayan akwatin. "Ƙugiya? Ta rataye me?"

"Ta haruffa. Irin ta kan ƙa, da ɗa, da ɓa."

Abdulnasir ya yi dariya. "Malam, wannan kwamfuta ce fa, ba allon makarantar yaƙi da jahilci ba."

"Haka ne," in ji Hambali. "A can na koya." Bai ɗaga murya ba. "Tafireta ba ta da su. In na gama bugawa sai in bi da biro baƙi mai siririn baki, in sa wa kowanne tasa, har kofin kabon. Na ga wannan ta fi tafireta wayo, shi ya sa na tambaya. Malam Nu'uman, don Allah ɗan buga mana kan takardar gayyatar a taka mu gani. Da manyan haruffa. Manyan baƙi. A ƙasa, na ɗaya, Alhaji Munzali."

Nu'uman ya buga, ya juyo da gilashin. Ga shi rangaɗau:

MANYAN BAKI
1. Alhaji Munzali

Hajiya Ma'u ta karanta a hankali, yatsa yana bin haruffa. Ta sake karantawa. Sai ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa.

"Manyan baki, na ɗaya Alhaji Munzali. Wallahi na'urar nan ta san mutane. Ba ta yi ƙarya ba."

Hambali ya ce, "Ita ma ƙaryar, Hajiya, in aka cire mata ƙugiya..."

"A'a, Malam, tsaya nan. Na gane."

"Haba, kowa zai gane abin da ake nufi," in ji Abdulnasir. "Jaridu ma haka suke bugawa. Wa yake lura?"

"Kowa zai gane," in ji Hambali. "Sai dai a tashar Kano akwai waɗanda ba sa son su gane. Direba ɗaya ya samu kofi ya like a jikin rumfa, shi ke nan. Na biyu a jerin kuwa, ranka ya daɗe, sunanka ne."

Shugaba ya matso da kujera. Ya kalli rubutun kamar wanda aka nuna wa maciji a cikin takalminsa.

"To ba sai a bi da biro ba, kamar yadda ya saba?" in ji Abdulnasir.

"Ba laifi," in ji Hambali. "Guda ɗari biyu ne, sai a kawo mini in zauna in bi su. Sai dai ban san a kan wane tebur ba."

"Kwamfutar Alhaji Munzali ce za a yi wa gyara da biro?" Muryar shugaba ta hau. "A ce ta yi rubutu an bi ta da gyara kamar 'yar aji ɗaya? Kai Nu'uman, ina ƙugiyar take?"

Nu'uman ya cire tabarau ya goge. "Wallahi Alhaji, shekara shida ina wannan sana'a, ba wanda ya taɓa tambayata. Na tabbata akwai hanyar da ake bi a Windo, sai dai ni ban san ta ba. Sai in na shiga Kano na tambaya, ko sati mai zuwa."

"Alhamis ake so."

"To bari in leƙa ɗayar. Ita ana iya ɗanɗana ta daga kan faifai tun ba a sa ta ba."

"Kamar awara," in ji Hajiya.

Aka jira. Mai shayi ya kawo shayi, aka sha, ya zo ya karɓi kofunansa. Nu'uman yana ta tura kibiya nan da can yana magana da kansa. Can ya buɗe wani dogon jeri na ƙasashe, ya gangara, ya gangara, ya tsaya. Najeriya. A ƙarƙashinta harsuna, Hausa a ciki. Ya zaɓa, ya buɗe farar takarda, ya bi maɓallan gefe ɗaya bayan ɗaya yana dannawa. A na huɗu sai ga ta ta fito, ƙ, da 'yar ƙugiyarta a lanƙwashe kamar ta daɗe tana jira a kira ta.

"Ikon Allah," in ji Nu'uman. Da gaske yake.

"Lallai akwai Bahaushe a cikin 'yan gayyar nan," in ji Hajiya. "Kuma da alama bai je don fura ba."

Shugaba ya jingina, ya gyara hula. "Ai in kun tuna, ita na fara zaɓa. Tun da muka shigo na ce ta gwanaye. Ku ne kuka tsaya gardama."

Babu wanda ya tuna masa komai. Nu'uman ya sa Linos, ya sha fama da firinta har ta yarda ta fito da takarda, ya zana wa Hambali hoton allon maɓallai a bayan wani tsohon fom, ya yi da'ira a inda ƙugiyoyin suke. A hanyar komawa satifiket ɗin Abdulnasir dai yana nan a jaka bai jiƙe ba.

Ranar Laraba aka yi gwaji, ofis cike da 'yan kallo har bakin taga. Abdulnasir ya fara. Ya kai kibiya ƙasa ta hagu inda ya saba samun ƙofar shiga, ya tarar babu ƙofa. Ya laluba kamar baƙon da aka sauke a gidan da bai sani ba, ya buɗe agogo, ya buɗe wasan kati, ya rufe da sauri. A gaskiya ba daƙiƙi ba ne, cikin rabin awa ya gano inda ake rubutu. Ya buga da yatsa biyu, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Kuma da yake ya ga ƙugiya ce ta kayar da shi a Birnin Kudu, sai ya ƙudura ba za a fi shi ƙugiya ba a Gwaram.

Hajiya Ma'u ce ta karɓi takardar da firinta ta fitar, ta karanta da ƙarfi yadda aka rubuta.

"Ranar Lahaɗi, a filin ƙasuwa, ɓaɓɓan baƙo zai ɓuɗe taro." Sai da ta huta, don laɓɓanta sun gaji. "Ana gayyatar 'yan ƙungiya baƙi ɗaya. To, madalla. Shekara sha tara ina ƙungiyar nan, yau na zama baƙuwa."

"Ƙugiya aka ce ana so," in ji Abdulnasir.

"Gishiri ma ana so a miya, Abdulnasir. Ba a juye buhu."

Sai aka ce Malam Hambali ya zauna. Ya zauna, ya dubi abin nan mai wutsiya da ake turawa a kan tebur, ya taɓa shi da yatsa ɗaya. Kibiyar ta gudu ta ɓuya a lungun gilashi. Ya sake taɓawa, ta ɓace gaba ɗaya. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Wani daga taga ya ce, "Malam na Tebur, ɓeran ya fi ka gudu."

"Ba a taimako," in ji shugaba.

"A buɗe masa farar takarda dai," in ji Hajiya. "Ko tafiretar ai ba shi yake ƙera takardar ba."

Shugaba ya yi shiru, wato ya yarda ba tare da an ji ya yarda ba. Abdulnasir ya miƙa hannu ta kan kafaɗar Hambali ya buɗe, da murmushin wanda ya ba makaho hanya zuwa rijiya.

Hambali ya ɗora yatsu takwas a layin tsakiya. Tun a shagon Nu'uman ya lura da abin da bai gaya wa kowa ba: haruffan suna nan a inda suke a tafireta, ko ɗaya bai ƙaura ba. Ya dubi zanen da ke bayan fom sau ɗaya. Sannan ya fara, da ƙarfin da ya saba dukan ƙarfe, har teburin yana amsawa. Idonsa ba ya kan maɓallai, ba ya kan gilashi, yana kan bango. 'Yan taga suka ƙara miƙo wuya.

Da ya kai ƙarshen layin farko, hannunsa na hagu ya tashi da kansa, kamar yadda ya tashi sau dubu dubu don mayar da kan tafireta, ya sauka a kuncin gilashin, tas!

"Kwamfutar Alhaji!" in ji shugaba.

"Afuwa, ranka ya daɗe. Hannun ne."

"Ita da kanta take komawa sabon layi, Malam," in ji Abdulnasir.

"To, Allah ya yi mata albarka."

Layi na biyu, tas! Gilashin ya gusa ya kusa bakin tebur. Shugaba bai tsaya shawara da kowa ba, ya zagaya ta baya ya rungume shi da hannu biyu, haɓarsa a samansa, babbar riga ta lulluɓe wayoyi. A haka Shugaban Ƙungiyar Manoman Riɗi ya tsaya har aka gama takardar, yana runtse ido a ƙarshen kowane layi. Mari biyu ya tare da damtsensa.

Kusa da ƙarshe Hambali ya yi kuskure, ya buga harafi biyu a wurin ɗaya. Ya tsaya cak. A tafireta wannan sabuwar takarda ke nan, a faro daga bismillah. Ya fara laluben inda zai zare ta.

"Malam, danna wancan mai kibiya," in ji Abdulnasir. Maganar ta fita tun bai yi shawara da kansa ba.

Hambali ya danna. Harafin ya tafi, ko tabo bai bari ba. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya sake buga wani harafin da gangan, ya sake gogewa.

"Allahu akbar," in ji shi a hankali. "Na gode, Abdulnasir."

Minti goma sha biyar duka-duka. Hajiya ta karanta daga gilashi ta ƙarƙashin hammatar shugaba, ba ta sami abin dariya ko ɗaya ba, har ta ɗan ji haushi. Baƙi sun zama baƙi, baki ɗaya ya zama baki ɗaya. Sai dai Hambali bai san yadda ake fitar da ita ba. Abdulnasir ne ya danna abin da ake dannawa, firinta ta yi ta amai har ɗari biyu.

Ranar Alhamis shugaba ya zo da fuskar wanda aka yi wa dogon bayani a gida. Ya zauna a benci, 'yan kwamiti suka kewaye shi.

"Abin da na faɗa a gaban shaidu shi ne, wanda ya fito da takarda daga cikin na'ura. To wa ya fito da ita?"

"Ni na danna, Yaya," in ji Abdulnasir, amma idonsa na ƙasa.

"Kun ji."

"Mun ji," in ji Hajiya Ma'u. "Ungozoma ma ita take fito da jariri. Ban taɓa ganin an naɗe mata shi ta tafi da shi gida ba."

Aka yi dariya har waje. Shugaba ya jira ta lafa, ya dubi tarin takardun, ya zaro ɗaya, ya duba sunansa a lamba ta biyu ƙarƙashin Manyan Baƙi. Ya shafa ƙugiyar da babban yatsa kamar zai ji tudunta.

"Ba ku bari na gama ba," in ji shi. "Tebur na Malam Hambali ne, dama can ban ce ba nasa ba ne. Amma ƙungiya irin tamu ba za ta bar na'ura haka babu mai ilimin ta ba. Daga yau an naɗa Abdulnasir Babban Jami'in Kunnawa da Kashewa. Malam, ka buga masa takardar kama aiki."

"Har da fitarwa, ranka ya daɗe?"

"Har da fitarwa. Kunnawa, Kashewa da Fitarwa." Ya miƙe, ya duba ɗakin. "Kuma babban jami'i ba zai yi aiki a tsaye ba."

Kujera ɗaya ce a ofishin. Hambali ya tashi daga kanta, ya cire 'yar matashin da ya kawo daga gida, ya tura wa Abdulnasir kujerar. Ya jawo benci ɗaya zuwa gaban tebur. Bencin ya fi kujerar gajarta, sai da ya ninka matashin biyu. Wani dattijo daga Zandam, da tun safe yake jira da maganar shanun da suka shiga masa gona, ya matsa ya ba shi wuri a ƙarshen bencin.

Hambali ya zauna, ya gwada tsawon hannunsa zuwa maɓallai, ya ga ya kai. Ya juya ga Abdulnasir.

"Ranka ya daɗe, a kunna mana."